Wa Zai Ƙetarar da Kaka Malachy?

Killyvane, Fermanagh,
Ireland ta Arewa.
Nuwamba, 2019.

Zuwa ga Gwaggona Nuala,

Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Kawu Dermot da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya ba ku sauƙin zafin da Mama ta ce ana yi a Perth, can Ostareliya, yanzu. Har yau abin yana ɗaure mini kai, wai ku kuna shiga zafi mu muna shiga sanyi, alhali rana ɗaya ce. Mu nan duk lafiya. Baba ya shigar da shanu rumfa don ruwan sama ya mai da fili taɓo. Mama tana nan da aikinta. Ƙanena Fintan haƙoransa na gaba sun zube, yana ta yin fito da baki ta wajen giɓin. Ni kuma na shiga aji biyu a sakandare. Kin san idan aka miƙo mini waya ba na iya ce miki komai sai "lafiya lau", shi ya sa na ɗauki biro. A takarda bakina ba ya rawa.

Na san labarin ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai yana isa har wajenku. A gidan nan kuwa ya zama abin ci da shayi. A watan Satumba aka rufe majalisa a Landan, sai kotun ƙoli ta ce rufewar ba ta bisa doka, aka sake buɗewa, suka koma suna yi wa juna ihu. Fintan ya iya kwaikwayonsu, yakan hau kujera ya yi ta nuna kare da yatsa. Malamarmu ta ce Birtaniya ba ta da tsarin mulki a rubuce cikin littafi guda. Na so in tambaye ta, to ina alƙalan suka duba suka gane an karya shi? Hannuna ya ƙi ɗaguwa. Ga tamu majalisar ta Belfast ta daɗe ba ta zama. To wa ke riƙe da mu ke nan? Baba ya ce shanu ne. Idan kin san amsar gaskiya, don Allah ki rubuto mini.

Da aka ce ƙarshen Oktoba za a fita, ko da yarjejeniya ko babu, kowa ya shiga maganar iyaka. Ni ban taɓa ɗaukar rafin bayan gidanmu a matsayin iyaka ba. Cocinmu yana tsallake, a Kudu, wato Jamhuriyar Ireland, kabarin mahaifiyarku Kaka Eilish yana can, motar madara kuma kullum ta kan gadar rafin take bi. Wata rana na sauka daga bas na tsaya a tsakiyar gadar ina neman layin. Ban ga komai ba sai wurin da launin kwalta ya canza. Wani agwagwa ya fice daga Birtaniya ya shiga Tarayyar Turai a gabana, ya kuma dawo, babu wanda ya tambaye shi takarda.

Amma mahaifinku, Kaka Malachy, shi ne dalilin wannan wasiƙa. A farkon Oktoba muka ga yana ɗaure kayansa cikin kwalaye. Ya ce zai koma tsohon gidan iyayen Kaka Eilish da ke kusa da coci kafin wata ya ƙare, don ba zai yarda ya farka ya tarar an rufe gada yana wannan gefe ba. Kin san gidan. Rufin yana yoyo, bango ya yi kore, babu wanda ya hura wuta a ciki tun kafin a haife ni. Baba ya yi faɗa, ya yi lallashi, Kaka ya ce masa shi ya koya masa ɗaure takalmi, Baba ba zai koya masa inda zai kwana ba. Na ji Mama tana gaya wa Baba a kicin cewa da irin tarin da Kaka yake yi, idan ya shiga gidan nan ba zai ga ƙarshen sanyi ba. A duk gidan nan da shi kaɗai nake iya doguwar hira. Shi ya sa mini suna Sarauniyar Shiru, amma idan muna ba maruƙa madara cewa yake surutuna ya ishe shi.

A wajen maruƙan na tambaye shi abin da yake tsoro. Na ɗauka zai ce 'yan kwastan. Sai ya ajiye bokiti ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba, ke wataƙila kin sani. Ya ce a zamanin tashin hankali sojoji sun fasa gadar nan, suka tare hanya da manyan tubalan siminti. Ana cikin haka mahaifinsa ya rasu. Hanyar da ta rage doguwa ce, kuma sai an tsaya a shingen sojoji da gawa. Mutanen unguwa suka ce ba za a tsayar da tsohon a layi kamar buhun taki ba. Akwai wuri ɗaya da rafin bai da zurfi, a ƙasan gonar maƙwabcinmu Mista Cecil Elliott. Duk da ba cocinmu ɗaya da shi ba, kuma a lokacin kowa yana tsoron a gan shi da ɗan wancan ɓangare, Mista Cecil ya buɗe ƙofar gonarsa, ya shiga gaba da sanda yana laluben duwatsu, sannan ya sa kafaɗa ya ɗauki akwatin gawar ta gaba har tsallake. Kaka ya ce shi ba kwastan yake tsoro ba. Yana tsoron ya mutu a wannan gefe, a rasa ta inda za a kai shi kusa da Kaka Eilish.

Na ce masa, to idan an rufe gada sai a sake bi ta gonar mana. Ya ɗauki bokitinsa ya ce waccan ƙofa ta rufu, kada in sake tambaya.

Mama ce ta warware mini. Ashe bayan ƙuri'ar raba gardama kan ficewar, Mista Cecil ya faɗa a kasuwar shanu cewa shi ficewa ya zaɓa, Kaka ya gaya masa maganganu a gaban jama'a. Shekara ta zagayo Kaka Eilish ta rasu. Kin fi ni sanin yadda ake yi: maza suna ɗaukar akwatin a kafaɗa tun daga ƙofar gida, ana tafiya ana canzawa, mai gida yana dafa kafaɗar duk wanda zai karɓa, kuma babu maƙwabcin kirki da ake tsallakewa. Mama ta ce Mista Cecil ya zo da baƙar kwat ɗinsa, ya bi bayan gawa har gada, yana jira. Kaka ya dafa na damansa, ya dafa na hagunsa, ya wuce shi. Kowa ya gani. Ni ina wurin, ina riƙe da hannunki ma, amma ban lura ba. Ke kin lura? Tun ranar ba su sake gaisawa ba, sai dai ɗaga yatsa ɗaya idan motocinsu sun haɗu, shi ma Mama ta ce don kada hannu ya manta ne.

Ni dai so na yi in ga mashigin da idona, ba wani abu ba. Ranar Asabar na haura ƙofar gonar, ina sauka sai ga Mista Cecil yana gyaran shinge. Ya dube ni ya ce ashe jikar Malachy tana da ƙafafu, saura ya ji ko tana da harshe. Ban san yadda aka yi ba, sai na ji bakina ya tambaye shi me ya sa ya zaɓi a fita. Ya yi dariya har ya ajiye guduma. Ya ce ya gaji ne da mutanen da ba su taɓa taka kashin shanu ba suna gaya masa watan da zai yanke shingensa. Ya ce ya karanta takardar ƙuri'ar sama da ƙasa, babu inda aka rubuta gada a ciki. Na tambaye shi ko yana da-na-sani. Ya ce wasu ranaku yana yi, wasu ba ya yi, ya danganta da wanda ya gani a talabijin. Daga nan sai na gaya masa Kaka zai tashi, na kuma gaya masa dalili. Dariyar ta ɗauke. Ya kalli ruwa ya ce, "Tsohon jaki." Ya ɗauki gudumarsa ya ci gaba da bugu. Na dawo gida ina ganin na ƙara ɓata abin, ban kuwa gaya wa kowa ba.

Ana saura kaɗan watan Oktoba ya ƙare aka ce an sake ɗage ficewar zuwa Janairu, za a yi zaɓe tukuna. Baba ya shigo da murna, ya ce ai sabuwar yarjejeniyar ma ta ce a teku za a riƙa bincike, ba a gadarmu ba. Kaka ya ce mutanen da suka kasa sanin ko majalisarsu a buɗe take ko a rufe, ba su zai ba amanar gawarsa ba. Ya sa aka ɗora gadonsa da kujerarsa a bayan tarakta. Mama tana tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannu, ni ina riƙe da kwalin magungunansa ina ƙoƙarin kada in yi kuka.

Sai ga Mista Cecil ya shigo tsakar gida a ƙafa, sanye da takalman roba masu kaiwa ƙirji, ruwa yana zuba daga jikinsa, da doguwar sanda a hannu. Bai gaishe da kowa ba. Ya tsaya gaban Kaka ya ce yanzu ya fito daga rafi, mashigin yana nan, duwatsu biyu ne suka gusa, ruwan iya ƙugu. Ya ce ƙofar gonarsa ba ta taɓa ganin kwaɗo ba, in akwai wanda ya ga an rufe ta to idonsa ne ya tsufa. Amma yana da sharaɗi: kada Kaka ya kuskura ya mutu da sanyi lokacin da rafi ya cika, ya kuma rage cin dankali, don mahaifinsa bai kai shi nauyi ba amma sai da kafaɗa ta yi mako tana ciwo. Kaka ya ɗaga murya ya ce wa ya gaya masa zai riga shi mutuwa, shi da gwiwoyinsa ke kuka kamar tsohuwar ƙofa, kuma ai shi ya jawo mana wannan masifa da ƙuri'arsa. Mista Cecil ya ce shi alama ɗaya ya yi a takarda a ɓoye, amma Kaka a gaban unguwa duka ya tsallake shi, alhali Eilish ce ta yi jinyar matarsa.

Sai Kaka ya matsa, ya ɗaga hannu ya dafa kafaɗar Mista Cecil ta dama, irin dafawar nan da ake yi a bayan gawa, ya bar hannun a wurin. Babu wanda ya ce a yi haƙuri. Can sai Kaka ya juya ya ce wa Mama ta ɗora ruwan shayi kafin wannan ɗan gatan Landan ya mayar masa da tsakar gida tafki, ya ce wa Baba me yake kallo, ya sauke masa kujerarsa, ko a tsaye ake so ya sha.

Suka zauna a kicin suna shayi da burodin Mama, suka ɗauko gardamar Tarayyar Turai daga inda suka ajiye ta. Kaka ya kira shi makaho, shi ya kira Kaka tsohon rediyo. Har yanzu ba su yarda da juna a kan komai ba, kuma kusan kullum sai ya zo. Ranar tunawa da matattu muka bi ta gada muka kai wa Kaka Eilish furanni, na sa guda da sunanki. Tarin Kaka ma ya yi sauƙi, an mayar da gadonsa kusa da murhu.

Akwai abin da nake so in tambaye ki. Da Mista Cecil zai tafi ranar nan, ya tsaya a bakin ƙofa ya miƙo mini sandar. Ya ce tunda ni ce mai yawan tambaya, idan zafi ya zo ruwa ya ja baya zai koya mini duwatsun ɗaya bayan ɗaya, don shi da Kaka duk ƙafafunsu sun gama aiki, dole a sami wanda zai shiga gaba. Na ce masa ai ban taɓa ganin mace a gaban gawa ba. Ya ce rafi bai san wannan ba. Gwaggo, gaskiya ne ba a barin mata su ɗauki gawa? Wa ya hana, kuma a rubuce yake, ko shi ma irin tsarin mulkin nan ne da babu littafinsa? Ban san abin da za su yanke a Landan cikin Janairu ba, kuma ina roƙon Allah kada a taɓa bukatar mashigin. Sandar dai tana bayan ƙofar ɗakina. Ta fi ni tsawo, amma Kaka ya ce kada a yanke, zan kamo ta.

Ki gaishe mini da Kawu Dermot, da Aoife da ƙaramin Lorcan, ki ce masa Fintan yana tambaya ko ya taɓa ganin kada da idonsa. Baba da Mama suna gaishe ku. Kaka ya ce in gaya miki yana nan daram a kujerarsa, ki daina kashe kuɗin waya kina tambayar lafiyarsa, ki zo kawai. Allah ya sada mu da alheri.

'Yarki mai kewarki,
Dervla