Kwatar da Na Toshe

Litinin, 6 ga Oktoba

Na tare yau. Akwati uku, katifa ɗaya, da tukwanen da ban san wa zan dafa wa ba. Shekara biyu ke nan da rasuwar Inna, gidan kuwa bai ɓoye ba: kwanon ɗakinta ya huje wuri huɗu, silin ɗin falo ya yi ciki kamar mai wata tara, gara ta cinye ƙofar kicin har sakata ta rasa abin kamawa. Ƙanena Auta ya kira tun ban sauke kaya ba. "Yaya, ɗaki biyar ke kaɗai? A sayar, ki zo ki zauna da mu." In je in tare a ɗakin baƙi, matarsa tana bina da tambayar ko na sha magani? Allah ya kiyaye. Shekara talatin da biyu na yi a ɗakin tiyata ina miƙa wa likitoci almakashi, ban taɓa zama kaya a wuyan kowa ba.

Lambun baya ya mutu murus, sai ciyawa. Amma lemun tsamin da Inna ta dasa shekarar da Baba ya rasu yana nan kore shar, 'ya'ya har rassa sun sunkuya. Na daɗe a tsaye gabansa. Na ce wa Auta, muddin lemun nan yana raye ina gidan nan, ran da ya mutu ka kawo mai saye. Ya yi dariya, ya ce ya riƙe ni da maganata. Bakina ba ya gajiya da ja mini.

Abu biyu ne suka tsone mini ido. Kwatar da ta taso daga bakin rijiya ta ratsa tsakar gida ta yi baya, baƙa ƙirin. Da wata kafa a katangar gabas, wadda mutum zai wuce in ya sunkuya. Ban san da ita ba. To ina zan sani, ni da nake zuwa sau biyu a shekara, in kwana ɗaya in gudu.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Da hantsi na ji ƙarar guga. Na fito na tarar da mace a bakin rijiyata, baho uku, tulin kaya, kumfa har gwiwar hannu, tana ta rera wani abu. Ta washe baki. "Yaya, sannu da zuwa! Ni ce ta bayan katanga. Wankau nake yi, Inna ce ta ce in riƙa yi a nan." Na ce mata Inna ta rasu. Ta ce ta sani, a gabanta aka yi. Wannan ta soke ni, don ni ba a gabana aka yi ba, ina bakin aiki. Maimakon in yi shiru sai na ce gidan yanzu yana da mai shi, kuma za a fara gyara.

Ta ƙarasa ɗauraya, ta matse, ta sunkuya ta fita da bahonta ɗaya bayan ɗaya. Ruwan sabulu ya bi kwata yana tafiya, na tsaya ina kallonsa raina yana tashi.

Asabar, 18 ga Oktoba

Magini ya zo, tsoho ne, ya ce shi ya gina wa Baba kicin. An toshe kafar da bulo goma sha ɗaya. Da muka zo kan kwata sai ya tsaya yana sosa ƙeya. "Malama, a cike ta duka?" Na ce duka, a shafe da siminti, ruwan wanka da na wanke-wanke kuma a sa bututu ya kai shi rami. Ya ce, "To, ke da gidanki." Sau biyu ya faɗa. Na tsani mutumin da zai ce to alhali a'a yake nufi.

Tsakar gida ta yi fes. Ko sauro ya rasa wurin zama.

Laraba, 29 ga Oktoba

An gama rufi. Fenti fari na sa a ko'ina. Mai fentin ya ce kamar asibiti, ya zaci yabo ne zan ji. Ai kuwa na ji.

Talata, 4 ga Nuwamba

Na shuka alayyafo, tumatir da barkono, layi-layi, da igiya na auna. Gwiwoyina suna ta ƙorafi. Da la'asar na lura tun safe ban yi magana da kowa ba sai wata kaza da ta ƙetaro katanga, ita ma korarta na yi.

Lahadi, 16 ga Nuwamba

Na haɗu da Mai Wankau a hanya. Jarka biyu a baro, tana turowa daga famfon da ke bayan makaranta, tafiya ce mai nisa ga hawa. Ta gaishe ni har da rusunawa. Na amsa. Ba ni na ce ta zaɓi sana'ar ruwa ba. Na rubuta wannan na karanta, bai yi mini daɗin karantawa ba, amma ba zan goge ba.

Litinin, 1 ga Disamba

Ganyen lemun ya fara naɗewa. Na duba ƙasansa ɗaya bayan ɗaya, babu ƙwari. Bokiti biyu safe, biyu yamma.

Juma'a, 12 ga Disamba

Rawaya. Ƙananan 'ya'yan suna zubowa tun ba su kai ko'ina ba, na share cikin faranti guda. Na zuba taki, na fesa magani, na ƙara bokiti ya zama uku. Alayyafo kuwa sai tashi yake kamar da gayya, ga shi na rasa wanda zan ba. Mutum ɗaya nawa zai ci?

Asabar, 27 ga Disamba

Kafinta ya ɗaura ƙofa ta ƙarshe ya kwashe kayansa. Gyara ya ƙare, sai wayoyin wutar baya. Wata biyu da rabi ina faɗa da masu aiki, ina cewa yaushe za su fita su bar ni in sarara. Yau sun fita. Na zaga ɗakuna biyar ina buɗewa ina rufewa, ko'ina ƙamshin fenti, takun ƙafata yana dawo mini. Na zauna a falo na ji agogo yana aikinsa. Gidan bai taɓa yin kyau haka ba, ni kuma ban taɓa jin kaɗaici haka ba. To na faɗa. Littafi ne, ba zai kai wa Auta ba.

Ya kira da yamma. "Ya lemunmu?" Na ce lafiya lau.

Alhamis, 8 ga Janairu

Rabin rassan sun zama ƙirare. Na je wajen mai sayar da dashe a bakin hanya, na lallaɓo shi ya zo ya gani. Bai kalli ganye ba ma. Ya karɓi fartanya ya tona a gindin, inda nake zuba ruwa, ya ce, "Nan ba kowa." Ya matsa taku huɗu, daidai inda simintin kwata ya ƙare, ya sake tonawa. Ga saiwoyi nan cunkus, sirara kamar gashi, duk sun bushe, yana taɓawa suna karyewa.

Ya ce itacen da ya saba samun ruwa kullum a wuri ɗaya ba ya wahalar da kansa ya nutsa ƙasa, can yake tara bakinsa. Ni ina shayar da gindi, bakin yana wani wuri, kuma bokiti shida ba su kai rabin abin da ya saba sha ba. "Da can wane ruwa ne yake bi ta nan?" Na ce na wanki. Ya ce, "To wa ya riƙa yin wankin bayan rasuwar mai gidan? Wannan itacen bai taɓa kwana da ƙishi ba sai bana."

Garin neman gira na rasa ido.

Talata, 20 ga Janairu

Na kira magini ya fasa simintin da ya shafe da hannunsa. Sai ya yi wani murmushi da na so in kwaɗa masa shebur. Na ce kafar katanga a bar ta yadda take, a toshe. Ni zan ja ruwan da kaina in sake shi a kwatar.

Guga ashirin da biyu jiya. Yau a na goma sha huɗu bayana ya ce ƙas. Da rarrafe na shigo.

Alhamis, 22 ga Janairu

Kwana biyu a kwance. Ruwan zafi ma sai da dabara. Abin da ya fi ciwon ciwo shi ne, da na mutu shekaranjiya, har yanzu babu wanda ya sani. Ni na gina hakan, da bulo goma sha ɗaya. Ta bayan katanga ina jin muryar Mai Wankau tana yi wa 'ya'yanta faɗa a kan wani murfin tukunya, na kasa kunne kamar mai sauraron rediyo.

Na faɗa wa Auta gaskiya, rabinta. Ya ce zai aiko da injin jan ruwa, mai gyaran wuta ya haɗa, shi ke nan ba na bukatar kowa. Haka ya ce, ba na bukatar kowa. Ya san yayarsa.

Lahadi, 25 ga Janairu

Lemun ba zai jira inji ba. Na ɗaura zane a ƙugu na tamke, na fita ta ƙofar gida, na zagaya ta titi. Gidan da ke jingine da nawa, sai da na yi tafiyar minti biyar kafin in kai ƙofarsa. Girman kai rawanin tsiya.

Na sami Mai Wankau tana gugar kaya. Ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa, ba ta ba ni fuska ba. Na yi ta kewaye-kewaye, ƙarshe na ce lemun yana mutuwa. Ta ce ta gani, rassansa ai sun leƙo gidanta. Na ce in tana so ta dawo da wankinta. "Ai gidanki ne, Yaya." Ta ci gaba da guga. Ta ce gida biyu sun janye kayansu saboda ba ta gamawa a kan lokaci, kafaɗarta kuma ba ta ɗaguwa sosai tun da ta fara tura baro. Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma da faɗa ne da na san yadda zan yi. Na ce na yi kuskure, ta yi haƙuri. Rabon da kalmar nan ta fita daga bakina har na manta.

Ta ajiye dutsen gugar. Ta ce in san cewa ba ita ta fasa katangar ba. Inna ce, da taɓarya, shekarar da Auta ya yi aure ya tashi gidan ya zama ita kaɗai. Ta leƙo ta ramin ta ce, "'Yar nan, ruwan mutum ɗaya ba ya isar lemun nan, ki taimaka ki riƙa wanki a wajena." Shekara tara suna haka. Inna tana zaune a kan turmi tana ba ta labari, wai tana lura da kwata kada ta toshe. Mai Wankau ta yi dariya, idonta ya kawo ruwa. "Kwatar da ba ta taɓa toshewa ba."

Na dawo ta titi. Duk wayar da na yi wa Inna cewa take tana lafiya, gida lafiya, lemu lafiya.

Litinin, 2 ga Fabrairu

An cire bulo goma sha ɗaya. Magini ya ce ko a sa 'yar ƙofa? Na ce a sa, da sakata ta wajena. Ya ce to. Wannan karon to ɗin gaske ne.

Baho uku yau. Na tsaya a kanta na ce ta rage sabulu a ɗaurayar ƙarshe, kuma ruwan bilic kada ya taɓa kwata, a rami za a zuba. Ta ce, "Inna sak." Ban ga abin dariya ba.

Asabar, 14 ga Fabrairu

Babu canji. Mai dashe ya yanke busassun rassa, ya ce a ba shi wata guda, in bai motsa ba to ya tafi. Itacen ya koma kamar wanda aka yi wa aski da fushi. Mai Wankau ta tafi da alayyafo cikin baho, na huta da shi. Na duba mata kafaɗar, na nuna mata yadda za ta riƙa motsa ta. Ba ta yi, na sani.

Juma'a, 27 ga Fabrairu

Toho! Uku, a reshen da ke kallon katanga, ƙanana kamar kunnen ɓera. Mai Wankau ce ta fara gani, ta ƙwala mini kira har na zubar da shayi.

Talata, 3 ga Maris

Injin Auta ya iso tun ran Alhamis. Mai gyaran wuta ya ce aikin awa biyu ne, in kira shi duk ran da na shirya. Auta ya tambaya ko an haɗa, na ce ana nan ana shiri. Ya ce me ake jira? Na ce masa ina da shanya a igiya, hadari ko babu ba a barin kayan mutane su ƙone a rana, na kashe wayar.

Yau Mai Wankau ba ta shigo da wuri ba, har ƙarfe tara. Na share tsakar gida sau biyu. Na duba sakatar ko na manta na saka, ashe rabona da saka ta tun wancan makon. Ƙarshe na sunkuya na leƙa, don in ji ko lafiya, saboda lemun. Sabulu ne ya ƙare mata ta je saye.

Toho ya zama goma sha ɗaya. Na fito da turmin Inna daga kicin na ajiye a bakin rijiya, bayana ya fi son zama a kansa, kuma dole wani ya lura da kwatar nan.

Injin yana ɗakin ajiya cikin kwalinsa. Na ɗora buhun taki a kai.