Ƙwaron Inabin Baba Attahir

Litinin, 27 ga Satumba 1965

Alhamdu lillahi, damina ta yi kyau, audugata kuma ta fi ta kowa. Ina cewa tawa, ko da yake ta sarwis ce, wato ma'aikatar gona: ɗan fegin gwaji da na shuka a bakin garkuna don manoma su ga sabon iri. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya kallo, ni kuwa in yi kamar ban gan shi ba, ina gyara hula. Wata bakwai ke nan da aka ba ni aikin malamin gona a Tawa, har yau ban ji kunya ba.

Da hantsi Baba Attahir ya kira ni ta kan shinge. Tsohon Buzu ne, garkarsa na jingine da fegina, kuma shi kaɗai na sani da icen inabi a garin nan. Ya yi masa rumfa, a ƙarƙashinta yake shan shayinsa. "Mushe Ma'azu, taho ka gani, kai da kay yi lakkwal." Mushe shi ne Malam a bakin Turawa, lakkwal kuma makarantar boko. Gefen ganyen inabin ya yi rawaya, wani ya bushe kamar an kara shi a wuta, ya nannaɗe. Da na girgiza reshe sai wasu ƙananan ƙwari suka tashi fir, kafin in ƙifta ido sun ɓace. Na ce masa gobe zai ji amsa. Me ya sa ban ce jibi ba, oho.

Talata, 28 ga Satumba

Na buɗe littafin da Baturen da na gada ya bari a biro, wato ofis. Kan inabin ƙasarsu ne kacokan. A ciki ga hoton wani ɗan ƙwaro mai tsalle, wanda ke ɗaukar cuta daga ice zuwa ice, ganye ya yi rawaya ya nannaɗe. Magani ɗaya: a tumɓuke a ƙone. Raina ya yi fari, na ce ga shi nan, ko wahala ban sha ba. Kafin azahar na rubuta rahoto na kai wa shugaban sarwis.

Da la'asar na gaya wa Baba, a gaban masu garka wajen shida. Har da ɗaga littafin ina nuna hoto. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Wanga ƙwaro ka gane shi da idonka bisa icena?" Na ce littafi ya gan shi. Wani ya yi dariya, na ɗauka ni ake yabo.

Laraba, 29 ga Satumba

Matata Balki ta yi dambu da zogale. Na ci har na kasa komawa aiki kan lokaci.

Juma'a, 1 ga Oktoba

Shugaba ya sa hannu. Ran sha biyar ga wata lebura biyu za su zo da gatari. Sai dai ya ce in kamo ƙwaron in sa a kwalba da alkol, ruwan hana ruɓewa, a aika Yamai babban birni, don takarda ta cika.

Bayan masallaci na je kamu. Kai! Wanda bai taɓa farautar abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, kada ya yi mini dariya. Na kai hannu sun tashi, na kifa hula sun bi ta ƙasa. Awa guda ina tsalle a ƙarƙashin rumfa kamar mai bori, ko ɗaya ban samu ba. Baba na zaune yana kallo, sai da na gaji ya miƙo mini shayi. Mutumin da zan sare masa ice. Na sha. Na tsinko ganye na taho da shi gida.

Lahadi, 3 ga Oktoba

Kasuwa. Inna Habi, uwar Balki, ta zo daga Kalfu da zarenta, za ta yi mana mako biyu. Ina son zuwanta, ko ba komai miya na ƙara daɗi. Sai dai gidan ya zama na kewaye-kewaye: in na shigo ta shige ɗaki, in na gaishe ta daga bakin ƙofa a durƙushe, ta amsa tana kallon bango. Ko sunana ba ta faɗa, "mai gidanku" take cewa. Haka muka taso muka tarar, ban ga laifinsa ba.

Na shanya ganyen inabin a tabarma. Ina wanke ƙafa na hango ta ta ɗauki ɗaya, ta juya bayansa, ta daɗe tana dubawa. Da ta ji motsina ta ajiye ta shige.

Talata, 5 ga Oktoba

Na kama su! Dabarar Baba ce, kuma wannan ne abin haushin. Shi ya ce in zo bayan asuba, lokacin da sanyi ya kashe musu jiki. Na ari farin faranti na Balki, na shafa masa ɗan mai, na tara a ƙarƙashin reshe na buga. Goma sha huɗu suka maƙale.

Na duba da madubin ƙara girma. Kore ne shar, siriri, kansa da faɗi, bayansa ya tsuke. Na littafi ruwan ƙasa ne mai zane-zane, kuma ya fi wannan girma. An ce ƴaƴan na littafi suna da ɗigo biyu baƙaƙe a wutsiya. Na juya ganye na sami ƴaƴan, ba su da fiffike, ba su da ɗigo ko ɗaya, in ka taɓa su sai su gudu a karkace, ba gaba ba, ba baya ba.

Wataƙila ranar ƙasarmu ce ta sauya musu launi. Haka na gaya wa kaina, kuma na kusa yarda.

Alhamis, 7 ga Oktoba

Ban tambayi Baba ba, shi ya fara. Ya ce daga Azbin ya zo da icen, sanda ce kamar kamu ɗaya, a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, a kan raƙumi. Duk zangon da suka sauka sai ya raba ruwansa da ita. "Ni da shi munka zo Tawa, ba mu san kowa ba. Shekara goma sha tara ke nan." Raƙuman sun ƙare, abokan tafiyar sun watse, saura su biyu.

Da zan tafi ya ce, "In gwamnati ta ce a sare, a sare. Amma ku bari sai na tahi cikin gari."

Na hau kekena na yi ta tuƙi har na wuce gida ban sani ba. Tausayinsa ya kama ni, ba zan ɓoye wa takarda ba. To amma cuta cuta ce.

Asabar, 9 ga Oktoba

Yau mun yi ƴar hayaniya da Balki. Ta kawo mini fura, ta ƙi tashi, tana ta murza bakin zane. Daga ƙarshe ta ce, "Inna ta ce in gaya maka, wagga ƙunar ganye ta san ta. Ciwon kaɗa na. Ta ce ɗan koren ƙwaro na mai tahiya a karkace, kaɗa mai sulɓin ganye shika ci, mai gashi-gashi ba shi iya ta."

Kaɗa, wato auduga. Na ce yaushe ta faɗa? Ta ce tun ran Lahadi. Kwana shida! Na ce don me ba ki gaya mini ba? Ta ce, "Inna ba ta iya ce ma surukinta ya yi kure, ni ko na ga yadda kaka rungume da littahin nan kamar jariri."

Na ce auduga daban, inabi daban, kuma ni ba a bakin mazari na yi karatuna ba. Na faɗa da ƙarfi, na san an ji a ɗaki. Wannan ita ce maganar da ta fi damuna yanzu. Ga kuma wani abu: ban taɓa gaya wa kowa a gidan nan cewa a karkace suke tafiya ba.

Lahadi, 10 ga Oktoba

Da sassafe na ɗauki faranti na nufi fegina. Wata uku ina kallon audugar nan daga sama, ina ƙirga furanni, ban taɓa durƙusawa na juya ganye ba. Yau na juya. Ga su nan, kore shar, manya da ƴaƴa, suna ta gudu a karkace. Ganyen ƙasa duk gefensa ya yi ja ya nannaɗe, ni kuwa da na ɗauka tsufa ne. Na shafa ganyen, sumul kamar tafin hannu.

Na jera su a faranti, na auduga a dama, na inabi a hagu, na duba har idona ya yi ruwa. Ko uwarsu ba za ta raba su ba. Na bi shinge: reshen inabin da ke kallon fegina shi ya fi ƙonewa, na can ƙarshen rumfa da sauran kore.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Shekara goma sha tara icen nan na lafiya, sai bana da malamin gona ya zo ya shuka masa maƙwabta.

Litinin, 11 ga Oktoba

Rahoto na biyu. Na yaga uku kafin in iya rubuta "na yi kuskure" ba tare da na yi masa rawani ba. Shugaba ya karanta, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Wane Ma'azu zan bi, na Satumba ko na Oktoba?" Na ce na Oktoba ya ga ƙwaron da idonsa. Ya soke zuwan lebura, ya ce a jira amsar Yamai. Kwalba biyu suka tafi, kowace da takardarta.

Talata, 12 ga Oktoba

Na yi niyyar in sami Baba shi kaɗai. Sai na tuna a gaban mutum shida na yanke wa icen hukunci. Magana zarar bunu ce, amma ko ba ta komawa, a inda aka zare ta ya kamata a tsaya. Na jira la'asar, da suka taru shan shayi na faɗa duka: ba ƙwaron littafi ba ne, ba za a sare ba, kuma ga dukkan alama daga audugata suka ƙetaro.

Illa mai albasa ya yi dariya har da buga cinya. "Ashe likita na ad da ciwon!" Na bar shi ya more, ya ci bashinsa na ran nan.

Baba bai yi dariya ba. Ya tashi ya zaga bayan rumfa, ya daɗe yana gyara wani reshe da ba ya bukatar gyara. Da ya dawo ya ja rawaninsa har ƙarƙashin ido, ya zuba mini kofin farko.

Laraba, 13 ga Oktoba

Na cire layi huɗu na audugar da ke jikin shinge, da hannuna, na ƙone. Sauran na yi mata feshi. Inabin kuma ruwan taba da sabulu, ta bayan ganye, ni da Baba. Bayana kamar zai ɓalle.

Juma'a, 15 ga Oktoba

Yau ce ranar gatari. Mun sha shayi a inuwa.

Lahadi, 17 ga Oktoba

Inna Habi ta koma Kalfu. Na durƙusa a bakin ƙofa, na ce wa Balki ta gaya wa Inna an duba, maganarta ce daidai, kuma a yafe wa mai gidan abin da bakinsa ya faɗa. Tsakanina da Inna bai fi taku uku ba. Ta dubi bango ta ce, "Ki ce mishi ba komi. Ki ce mishi gona ba a sanin ta a tsaye." Balki ta juyo za ta maimaita, dariya ta ci ƙarfinta.

Alhamis, 18 ga Nuwamba

Amsar Yamai ta iso. Kwalba biyun ƙwaro ɗaya ne, Empoasca lybica, sananne a gonakin auduga, yana kuma shan inabi. Ba shi ne mai cutar littafin ba. Na karanta wa Baba sunan sau uku, ya gwada ya kasa, ya ce suna ya fi mai shi nauyi. Sabon toho ya fito a reshe bakwai, na ƙirga. Ya ce bana ƴaƴa kaɗan za a samu, amma za a samu.

Lahadi, 21 ga Nuwamba

Wani mutumin Bambeye ya tare ni a kasuwa da ganyen tumatir a cikin hula, duk ya ƙanƙance. Mutane suka kewaye mu, ana cewa ga Mushe nan, yanzu zai faɗa. Na juya ganyen, na duba, sunaye biyu suka zo mini baki, masu daɗin faɗa.

Na ce masa ban sani ba. Na ce ran Talata zan zo in durƙusa a gonar, kuma ya tara mini tsofaffin da suka daɗe suna noma wurin, har da mata.

Wani a baya ya ce, "To mi amfanin lakkwal?" Ban ji zafi ba, abin ya ba ni mamaki. Ba wai na sauya ba ne, gajiya ce kawai ta kasuwa. Bambeye da nisa a keke, sai in fita da wuri. In tuna in roƙi Balki farantinta.