Kujerar da Ta Ƙi Naɗewa

Tijuana, 3 ga Nuwamba

Mama,

Ina gaishe ki. Yaya ƙafar taki? Ni lafiya lau, sharar silima ba wuya, bayana ne kawai ke ciwo.

Ana nuna wani katun, ƙwarangwal sanye da hular Kirsimeti suna waƙa cikin kabewa. Kullum sai na tuna ƙanwata Chabela, da ta rasu ba ta taɓa shiga silima ba.

Shekaranjiya, ranar bikin matattu da yaran da suka rasu ke zuwa ziyarar gida, na ajiye mata kofin ruwa ƙarƙashin wata kujera da ba kowa. Da aka tashi, kofin ya bushe ƙaf, kujerar a sauke kamar da mutum a kai, sanyi ƙalau. Mai gadi, Don Nicanor, ya ce, "Ke 'yar ƙauye, baƙuwar taki ta yanki tikiti?" Na sunkuyar da kai.

Jiya matattu suka koma, amma yau ma kujerar ta ƙi naɗewa.

Mama, ruwan da kika ajiye mata ya ragu? In bai ragu ba, don Allah ki sake zuba furannin nuna hanya a ƙofa, ki kira ta da ƙarfi. Ba ta san hanya daga nan ba, ni kuma ba zan iya ce mata ta tafi ba.

Allah ya kiyaye ki.

'Yarki,
Otilia