Ledar Hajiya Memuna a cikin ragona

Talata, bayan isha'i

Ragon layyata ya tafi. Ciwon ciki ya kwantar da shi, da hantsi Sani mahauci ya sa masa wuƙa kafin ya mutu a banza. Da ya farka tumbin, sai ga baƙar leda a dunƙule, ta kai kan jariri, har da tsinken sakace a ciki.

Shekara huɗu nake kwashe wa dabbobina ɓawon doya da ragowar shinkafa a gidan abincin Hajiya Memuna da ke Race Course. Sharaɗi ɗaya muka yi da ita: durom ɗin dabbobi daban, na bola daban. Ni na sayi durom ɗin, ni na shafa masa jan fenti don kada ma'aikatanta su ruɗe. Ashe tun da ta sauya masu wanke-wanke, ko sau ɗaya ba ta gaya musu ba.

Na zuba ledar a roba na kai mata, na dire a kan teburinta gaban masu cin waake, wato shinkafa da wake. Ta toshe hanci ta ce, "Malam Issaka, kai da kake ɗiba kyauta, har da kawo ƙara?"

Kyauta! Wa ke raba ta da wari da ƙudaje kullum kafin azahar? Ko "Allah ya mayar da alheri" ba ta iya cewa ba.

Na ɗauko durom ɗina na taho. Gobe ragowar ta kwana a ƙofar kicin ɗinta. In ƙudaje sun kori masu cin abinci, sai ta san wa ke yi wa wani kyauta.