Tsokata Tana Cikin Kwalba

Landan, 9 ga Maris, 1978

Zuwa ga ƙanena Bunu,

Bayan gaisuwa, yaya Hajjarmu da Yagana da yara? Ni lafiya lau, sai dai kunu kawai nake iya sha.

Gyambon nan na bakina, likita ya yanki tsoka a wurin ya auna. Wai jiki na yin wani sinadari, enzayim, wanda a lafiyayyen nama kaɗan ne, a nawa kuwa ya yi yawa, wai alamar ciwon daji. Na ce, mai amfani ne ko mai cutarwa? Ya ce duka biyun. Ni da na taɓa sakandare, na tara motoci shida da gumina, wallahi ban gane ba.

Na ce a ba ni tsokata in binne yadda muke yi. Ya ce tana cikin kwalba, ba su gama bincike ba.

Ka je Roni wurin Malam Sama'ilu, kada Hajja ta ji. Ka tambaye shi, in an binne mutum a gida guntunsa yana Landan, ya halatta? Tambaya ce kawai.

Allah Ya sada fuskokinmu.

Yayanka,
Dunoma