Ƙafar Gabas ta Tankin Pantami

Litinin, 7 ga Maris, 1977
Amsar kwamfuta ta iso daga Zariya. Na'urar ta yanka hasumiyar tankin ruwan Pantami gunduwa-gunduwa a lissafi, ta auna nauyin da kowace za ta ɗauka. Lafiya lau, in ji ta.

Laraba, 9 ga Maris
Malam Titus, tsohon mai waldarmu, ya tare ni gaban leburori. "Injiniya, ƙarfen ƙafar gabas daga tsohuwar rumfar auduga aka ciro shi. Ya taɓa lanƙwashewa, da guduma aka miƙar da shi." Na kaɗa masa takardun, na ce ko ya fi kwamfuta sani ne? Aka bushe da dariya. Kuma na ji daɗinta.

Juma'a, 18 ga Maris
A cika tankin karo na shida, ƙafar gabas ta durƙusa. Ruwa ya kwashe katangar wata tsohuwa, Goggo Fanta, da awakinta biyu. Ba a rasa mutum ba.

Asabar, 19 ga Maris
Shugaban aiki ya ce laifin walda ne. Ya sallami Malam Titus. Ina tsaye a wurin.

Talata, 22 ga Maris
Na buɗe littafina na jami'a. Ga shi da rubutun hannuna: tarihin nauyi. Ƙarfen da ya taɓa wuce ƙarfinsa ba ya komawa yadda yake, dole a gaya wa na'ura abin da ya ɗauka a baya, bi da bi. Ni kuwa sabon ƙarfe na ba ta, da nauyi sau ɗaya tak. Abin da na tambaya ta amsa. Har layi na ja a ƙarƙashin darasin, kaico.

Litinin, 28 ga Maris
Na je gidan Malam Titus a Dawaki. Matarsa Hilda ta ajiye mini ruwa, ko kallona ba ta yi ba. Na ce, "Baba, ƙarafan nan nake so ka ba ni labarinsu." Ya ce, "Ɗauko biro, Yuguda." Shekarar da aka jibga buhuna, iskar da ta kwaye rufin, duk yana riƙe da su. Shafi uku na cika. Haƙurin da na je bayarwa kuwa, ban bayar ba.

Juma'a, 1 ga Afrilu
Na miƙa rahoto. Ba wani abin kirki ba ne, gyaran lissafi ne kawai, sai dai sunan wanda ya yi kuskuren ya canza, ya koma nawa. Shugaba ya karanta sau biyu. "Ka san abin da wannan zai jawo maka?" Na ce na sani.

Da rana na cinye tuwona har na nemi ƙari. Matata Uwa ta dube ni, ta ƙaro mini.