Kujerar Direba

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya ke da maigida da yara. Ya gwiwar taki? Ina fata kin daina taurin kai kina shan maganin.

Kin tambayi jikin maigidana Dogo. Da sauƙi za a ce, tunda haka aka saba cewa. Hannun hagu ya ƙara nauyi, tafiya kuma sai da sanduna biyu, amma bakin tsokanar yana nan, har yanzu Guntuwa yake ce mini a gaban baƙi. Ba ya bari in shiga wurin likitan jijiya tare da shi. In ya fito sai ya ce an ce a ci gaba da gashin ƙashi, shi ke nan.

Kar ki yi mini dariya, abin da ke riƙe da zuciyata jar motar tserensa ce, mai kujera biyun nan da kika ce shigarta kamar zama a tabarma. Tun da ya daina tuƙi, kullum da safe sai ya ja jiki zuwa gareji ya tayar da ita. Tagogin ɗakin girki su yi ta rawa, maƙwabta su yi ta tsaki. Ni da na yi shekaru ina tsine wa ƙarar nan, yanzu sai na ji ta shayi ke wuce mini. Ina ce wa raina, mai ɗumama inji ai yana da niyyar fita wata rana.

Ɗiyarmu 'Yar Baba tana gaishe ki. Haƙoranta na gaba sun zube, ta daina dariya a gaban mutane.

Ƙanwarki,
Guntuwa

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida duka. Saƙonki ya iso, Allah ya saka da alheri.

Dogo ya kira bakanikensa ya ce za a ajiye motar. Wai tayar da ita ba tare da tafiya ba lalata inji yake yi, ruwa ke taruwa a ciki. Na tambaye shi ajiyar har yaushe, ya ce har a samu sauƙi. Na yarda, don ina son in yarda.

Aka kai masa kujera gareji ya zauna yana ba da umarni. Aka wanke ta, aka goge, aka zuba sabon baƙin mai. Aka cusa soson ƙarfe a bakin salansa, bututun hayaƙin nan, saboda ɓeraye. Ya hana a ja birkin hannu, wai in ya daɗe maƙalewa yake. Bakanike ya ce a cika tanki kamar yadda ake yi wa motar da za ta yi 'yan watanni, Dogo ya girgiza kai, ya sa aka tsiyaye fetur ɗin tas. Sannan ya ce masa in an ɗora motar a kan ƙafafun ƙarfe, ya kwashe tayoyin ya tafi da su, ya ba shi. Sababbi fil, Yaya. Bawan Allah ya karɓa kansa a sunkuye, ya ƙi yarda mu haɗa ido.

Kafin a cire batir sai ya kira ni, ya ce in shiga in zauna a wurin direba. Kin san tun aurenmu ko sitiyarin bai taɓa bari na riƙe ba. Na shiga ina dariya kamar sakarya, ƙafafuna suna lilo, don kujerar tana can baya daidai dogayen ƙafafunsa. Wallahi na ɗauka cewa zai yi in koya, in riƙa fita da shi shan iska.

Kujerar da wuta take matsawa. Ya sunkuyo da ƙyar, ya danna maɓallin da hannunsa mai lafiya, ta yi ta tahowa da ni gaba har ƙafata ta taɓa totur. Ya gyara mini madubi, ya tambaya ko ina hango gaba sosai. Na ce ina gani. Sai ya juya ya dubi 'Yar Baba tana wasa da kumfar sabulu a bakin ƙofa, ya ce tsawona ta ɗauko ba nasa ba, in ta girma haka zai yi mata daidai. Daga nan ya ce wa bakanike ya cire batir.

Yaya, shekararta bakwai.

Ƙanwarki,
Guntuwa

*

Yayata,

Ina fata kuna lafiya. Mu dai ga mu nan.

Na je wurin likitan ni kaɗai. Ya ce ciwon ba ya komawa baya, kuma Dogo ya daɗe da sani. Da na dawo ban yi masa faɗa ba, ban ma iya ba. Na yanke masa farce, ya tsokane ni, na yi dariyar da ta samu. Tsoro nake ji, Yaya, irin wanda ban taɓa ji ba.

Safiya yanzu tsit take. Jiya da na kai yarinya makaranta na shiga garejin. Motar tana tsaye a kan ƙarafa babu taya, an lulluɓe ta. Na ɗaga tamfol, na buɗe ƙofa, na laluba maɓallin nan don in mayar masa da kujerarsa baya. Na danna, na sake dannawa, har yatsana ya yi zafi. Ko motsi ba ta yi ba.

Don Allah ki zo. Kar ki jira sai an kira ki.

Taki har kullum,
Guntuwa